Yadda Ake Rage Kaya a Gida, Daga Buɗe Akwati Har Su Fita Ƙofa

Tun da na faɗa a islamiyyarmu cewa buhu bakwai na fitar daga ɗakina, ban huta da tambaya ba. Wannan ta ce ta ina ake farawa. Waccan ta ce ita kwallaye da langunan aurenta ne suka cinye mata rabin ɗaki, ga shi tana jin nauyin iyayenta in ta sayar. Wata kuma ta jawo ni gefe bayan an tashi, ta ce ɗakin mahaifiyarsu shekara biyu ke nan yana kulle tun rasuwarta, an rasa mai ƙarfin halin sa mabuɗi. Shi ya sa na ga gara in zauna in jera abin daki-daki yadda na yi shi, har da inda na yi kuskure, kowa ta ɗauki wanda ya shafe ta. Da mata nake magana don mu aikin ya fi faɗowa, amma maigida ma in ya karanta zai ga nashi a ciki.

Ni abin da ya tashe ni tsaye gara ce. Bayan ɗaukewar ruwa na jawo akwatin ƙasa cikin akwatunan lefena, wanda ya fi shekara biyar ban buɗe ba. Atamfar sama lafiya lau, har da takardarta a liƙe. Ina ɗaga ta biyu sai jar ƙasa ta zubo mani a cinya. Ashe gara ta biyo bango, ta huda akwatin ta ƙasa, ta bi kowane ninki ta cinye. Turmi huɗu, ko ɗankwali ba a samu a ciki ba. Abin da ya fi ci mani rai, a shekarar aka aurar da ɗiyar yayata, kuma da idona na ga wahalar da aka sha kafin a haɗa mata 'yan zannuwan fita.

1. Zaɓi lokaci

Lokaci biyu ne suka fi dacewa a nan Katsina. Na farko daga tsakiyar Oktoba zuwa Nuwamba. Ruwa ya ɗauke, rana tana busar da wanki a yini ɗaya, hazo bai sauka ba tukuna, kuma bargo da rigunan sanyin da za ki fitar za su isa hannun masu buƙata kafin sanyin Disamba da Janairu ya kama. Na biyu watan Sha'aban, don kaya masu kyau su samu wanki da gyara kafin teloli su cika da ɗinkin Sallah. Ba a fafe gora ranar tafiya: wadda ta kai kaya ana gobe Sallah, mai amsa ba ta da lokacin rage masu tsawo balle ta sa wa ɗiyanta. Tsakiyar damina kam ki bar ta, kaya ba su bushewa, sai warin danshi.

Ɗaki ɗaya a rana ɗaya. Ki fara da hantsi bayan yara sun tafi makaranta, ki tsaya kafin la'asar.

Hattara: kada ki barbaza gidan gaba ɗaya. Magariba za ta riske ki a tsakiyar tulin kaya, ga girki yana jira, ƙarshenta ki tura komai inda ya fito ba tare da kin rage ko tsinke ba.

2. Kayan aiki da abin da za ki kashe

Ki nemi buhunan shinkafa ko na masara da aka juye, ko jakunkunan bakko, aƙalla guda biyar. Ki ɗaura wa kowane tsumma mai launi daban a baki don kada a rikita su. Sai tabarma babba, tsintsiya, tsumman goge-goge, takunkumin fuska saboda ƙura, ɗan littafi da biro, da maganaɗisu ko da na tsohuwar sifika ne, za ki ga amfaninsa a mataki na 10.

Kuɗin da ke fita kaɗan ne, amma ki san da su tun farko: sabulu da omo, ruwa in saye kuke yi a wajen 'yan garuwa, ladan tela na gyaran zif da maɓalli, kuɗin napep ko mai kura da zai kai kaya, da na yaran da ke kwashe shara. Wanki ne ya fi cin kuɗi. In kin tsara da kyau, abin da 'yan gwangwan za su ba ki yakan rage maki nauyin waɗannan.

Ki samu mutum ɗaya ta taya ki, wadda ba ta jin kunyar ce maki "Yaya, wannan rigar fa rabonki da ita tun kafin a haifi Abba."

Hattara: kada ki cusa hannu bayan akwati ko ƙarƙashin gado ba ki haska ba. Kunama tana son irin wuraren nan. Ki jawo kaya da sanda, ki sa takalmi.

3. Kafin ki taɓa komai, na wane ne?

Wannan matakin shi ne mutane suka fi tsallakewa, kuma shi ne ke haddasa faɗa. Gidanmu na Hausa ba na mutum ɗaya ba ne. A ɗaki guda za ki iske kayanki, na maigida, na yara, na ƙanwar miji da ta ba ki ajiya, da tukunyar maƙwabciya da aka aro tun sunan wancan yaron.

Kayan aro da na ajiya ki fara fitar da su, ki aika wa masu su a ranar. Wannan kaɗai yakan buɗe wuri fiye da yadda kike zato.

Kayan maigida, ki ware waɗanda kike ganin ya daina sawa ki aje mashi bisa gado, shi zai yanke. Babbar rigar da kike gani ta tsufa, wataƙila ta mahaifinsa ce. Haka shi ma maigida ya sani kayan ɗakin mace nata ne, iyayenta suka yi mata. Ba ya kiran mai saye don ya ga sun tare hanya. Kayan abokiyar zama kuwa, ko a tsakar gida suke zube, ki yi mata magana kawai.

Tsofaffi sai da lalama. Surukata tana da adudu biyu da akwatin ƙarfe, na san cike suke da zannuwan da ba ta ɗaurawa. Ban ce mata sun yi yawa ba. Na bari sai da ta ga ina ƙulla nawa, na ce, "Hajiya, ga sanyi ya gabato, zan kai wa matan nan da suka taso daga ƙauye. Ko akwai wanda kika gama da shi in haɗa, a samu ladan tare?" Ta yi shiru ta ce, "Bari in duba." Bayan kwana uku ta aiko jikanta da zannuwa tara a ninke, suna ƙamshin turaren wuta. Da cewa na yi a zubar, ko ɗaya ba zai fito ba, kuma da gaskiyarta.

Hattara, babba: kayan mamaci gado ne. Daga gado da katifa har zuwa hijabi da cokali, haƙƙin magada ne bayan an biya bashi an fitar da wasiyya, wadda ba ta wuce sulusi. Babbar ɗiya ba ta da ikon ta ce "a yi wa Inna sadaka da su" ita kaɗai, komai kyawun niyyarta. A tara magada, a kira malamin da ya san rabon gado, a rubuta kayan, a ƙiyasta. Baligin da ya yafe rabonsa don a yi sadaka, ya yi alheri. Amma rabon maraya ƙarami ba mai yafe shi a madadinsa. Ga 'yar'uwata mai ɗakin da ke kulle: ku sa rana ku buɗe tare da 'yan'uwa, a yi mata addu'a, a yi kuka in ya zo. Barin ɗakin a rufe ba ya adana komai, ɓera da gara suna ciki suna aiki.

4. Tufafi: fito da su duka bisa tabarma

Ki kwashe komai daga sif, akwati, igiyar bayan ƙofa da ƙarƙashin katifa, ki zube bisa tabarma. Dole ne ki ga yawansu a wuri ɗaya, don in kina zaro ɗaya-ɗaya daga sif, kowace riga sai ta ba ki dalilin zama.

Ki haɗa iri da iri: atamfofi, lesuka, shadda, dogayen riguna, hijabai, mayafai, ɗankwalaye, kayan barci. A nan ne za ki iske kina da baƙin hijabi shida alhali biyu kike sawa.

Sai ki ɗauki kowane ki yi mashi tambaya uku. Yana shigata yanzu, a jikin da nake da shi yau? Na sa shi tsakanin Sallar bara da ta bana? In na gan shi a jikin ƙanwata, zan ji daɗi ko zan ji kunya? Ta farko da ta biyu su ke nuna ko zai zauna. Ta uku ke nuna buhun da zai shiga. Buhunan su ne: na kyauta, na sayarwa, na gyara, na tsumma, na shara. Abin da zai zauna ya koma gefe guda bisa gado.

Kayan sanyi da na fita biki a yi masu sassauci, shekara biyu maimakon ɗaya, don ba kullum ake sa su ba. Mai ciki ko mai jego ma kada ta yanke hukunci bisa jikinta na yanzu.

Akwai kalmomi biyu da za su yi ta zuwa maki a baki: "wata rana" da "in na rame". Ni na yi wa kaina iyaka, jaka ɗaya tak ta kayan da na kasa yanke masu hukunci. Na rubuta kwanan wata na liƙa. Wata shida suka cika ban buɗe ta ba, na ba da ita yadda take.

Buhun gyara shi ma yana da iyaka. Abin da bai je wajen tela cikin mako biyu ba, ba zai je ba, ki mayar da shi na kyauta bayan kin ɗinke abin da allura da zare za su iya.

Hattara: ki laluba kowane aljihu, kowace jaka, da bakin kowane zani da aka ƙulle. Mata da yawa suna ɓoye ɗan kunne ko zoben zinari a cikin safa ko tsohuwar jaka su manta. In buhu ya fita, sai dai haƙuri.

Hattara kuma: kakin soja, na ɗan sanda ko na wani aikin tsaro, da duk rigar da ke ɗauke da tambarin wurin aiki, ba su shiga buhun kyauta ko na gwanjo. A halin da jiharmu take ciki, ba ki san hannun da za su faɗa ba, kuma talakan da ya sa su da zuciya ɗaya zai iya shiga uku a shingen bincike. A mayar wa wurin aikin, ko a yayyanka su.

5. Lefe, anko da turamen da ba a ɗinka ba

Nan ne dukiya take kwance. Turmin atamfa ko leshi da ba a sa wa almakashi ba yana da kasuwa, ya fi ɗinkakke daraja nesa ba kusa ba. Ki warware kowane ki ɗaga shi a rana. In kin ga layin ninki ya fara kodewa, ya gaya maki lokacinsa yana tafiya. Ki zaɓi waɗanda za ki ɗinka a wannan shekarar, ki ware na gudummawar biki ko na barka guda biyu ko uku, don wannan kuɗi ne kika tare wa kanki. Saura a sayar ko a bayar.

Masu cewa suna aje wa ɗiyarsu mai shekara shida, ku yi tunani. Kafin ta isa aure yayin ya wuce, launi ya mutu. In dai don ita ne, a sayar a saya mata tunkiya ko ɗan zinari.

Anko kuwa, yawancinsa sawa ɗaya ne. In za ki ba da shi, ki kai nesa da dangin da aka yi bikin, kada wadda ta amsa ta shiga taro kowa ya san rigar wace ce.

6. Kayan yara

Ki raba su bisa shekaru, ki aje jaka ɗaya ga ƙanin da ke tafe in tazarar ba ta wuce shekara biyu zuwa uku ba. Yunifom da takalman makaranta masu kyau, ki kai wa malamar ajin, ta fi kowa sanin yaron da ke zuwa da yagaggen wando. Yaro da ya kai shekara bakwai a bar shi ya zaɓi abin da zai bayar da hannunsa.

7. Kicin da kayan jere

Kicin ya fi sauƙi don babu yawan tunani a ciki. Roba marar murfi, murfi marar roba, kula da ta daina riƙe zafi, tangaran mai tsaga, kwanon da ya ɓare ya yi tsatsa a ciki, tukunyar da ta huje: duk su fito. Tukunyar alminiyom da ta huje, ki fara nuna wa mai liƙi. In ya ce ba ta liƙuwa, ta shiga kason 'yan gwangwan. Robobin man shafawa da kwalaben da ake tarawa "za su yi amfani", ki wanke ki ba masu sayar da zoɓo, kunun aya, man gyaɗa ko yaji, suna nema.

Kayan jere su ne masu nauyi a zuciya. Kwalla, langa, samira, kumbo, setin tangaran da ba a taɓa ci a ciki ba. Ki tambayi kanki baƙi nawa kike yi a rana mafi cika, kamar ranar Sallah ko suna, ki aje abin da zai ishe su. In mahaifiyarki tana raye, ki je ki gaya mata kafin ki fitar, kada ta ji a bakin dillaliya. Ni da na ce wa tawa, "Inna, kwallayen nan zan ba ɗiyar Gwaggo da za a kai ɗaki," cewa ta yi, "Ai don amfani aka saya, Allah ya yi maki albarka." Shekara da shekaru ina jin tsoron maganar da ba ta wuce haka ba.

Hattara: jarkar da aka taɓa zuba fetur, kalanzir, fiya-fiya ko maganin feshin gona, ba a ba da ita don ruwa ko abinci komai wankin da aka yi mata. Ki huda ta kafin ta fita, don in ta je bola lafiyayya wani yaro zai ɗauka.

8. Takardu, magunguna, waya da batura

Takardu sai ranar da hankalinki yake kwance, kuma ke da kanki, ba yara ba. Takardar fili ko ta gida, takardar haihuwa, katin rigakafin yara, sakamakon WAEC da NECO, takardun ɗaukar aiki da na fansho, rasit na manyan kaya: waɗannan su shiga leda mai kauri, a aje a sama nesa da bango, kuma ki ɗauki hotonsu a waya. Duk takardar da ke ɗauke da lambar asusu, BVN ko NIN da ba a buƙata, a ƙona, kada ta koma hannun mai ƙosai a naɗe wa wani da ita.

Tsofaffin shafukan Alƙur'ani, littattafan islamiyya da kalandar da ke da ayoyi ba su shiga shara. A tattara su daban, a kai wa liman ko malamin makarantar allo, ko a ƙona su a wuri mai tsarki a binne tokar. Littattafan da ke karantuwa, makarantu suna so.

Magunguna ki duba kwanan wata a jikin kowane. Wanda ya wuce lokaci, wanda ya canja launi, da wanda ba ki san na mene ne ba, duk su fita. Garin maganin yara da ake haɗawa da ruwa ba ya wuce mako ɗaya zuwa biyu bayan an haɗa. Ki kai su kemis ki tambayi yadda za a zubar.

Hattara: ba a sadaka da ragowar magani. Kuma kada ki watsa ƙwayoyi a shara a buɗe inda yara da awaki ke tono.

Tsohuwar waya, ki cire layi da memori, ki goge komai kafin ta bar hannunki. Layin nan yana haɗe da asusunki na banki, hotunan kuma na iyalinki ne. Batirin waya da ya kumbura ba a huda shi, ba a jefa shi wuta. Batirin mota ko na sola, masu sayar da batir suna saye. Kada a fasa shi a gida, ruwansa yana ƙona fata.

9. Wanke, ninke, sannan a bayar

Aya ta 267 a Suratul Baƙara ta hana mu nufar mummunan abu mu bayar, irin wanda mu kanmu ba za mu amsa ba sai mun runtse ido. Da wannan nake auna buhun kyauta. Rigar da hammatarta ta ci, zanin da ya yi shara-shara, takalmi wari ɗaya, waɗannan tsumma ne ko shara, kada a ɗora wa talaka aikin zubar maki da su. A wanke, a goge, a sa maɓallin da ya cire, a haɗa riga da zaninta da ɗankwalinta a ninki ɗaya. Ki ware na maza, na mata, na yara, ki rubuta a jikin leda.

Wa za a ba? Ki fara da na kusa: dangi masu ƙaramin ƙarfi, mai taya ki aiki, almajirin gidanki, maƙwabciyar da mijinta ya rasu. Bayan su akwai mata da yaran da rashin tsaro ya taso daga yankunan Batsari, Jibiya da Safana, da yawa sun shigo gari da kayan jikinsu kawai. Mai unguwa, liman, ko kwamitin marayu na masallacinku sun san inda suke zaune, kuma ta hannunsu kaya sun fi isa ba tare da turereniya ba.

Yadda ake bayarwa ma aiki ne. 'Yar'uwa ki kai mata da kanki bayan magariba, a leda marar nuna ciki, ki ce, "Ga wannan ya matse ni, na ga kamar zai yi maki." Ba a ɗaukar hoto. In kin gan ta sanye da shi a taro, ki yi kamar ba ki taɓa ganinsa ba.

Hattara: katifa ko matashin da ke da kuɗin cizo ba abin bayarwa ba ne, kin kai wa mutane bala'i gida. Kayan wanda ya yi ƙazuwa ko ƙwarƙwata sai an wanke da ruwan zafi an shanya a rana sosai. Kuma kada ki lissafa tsofaffin kaya a matsayin zakkarki; wannan sadaka ce, zakka tana da nata hukuncin.

10. Sayarwa

Sayar da kayanki ba abin kunya ba ne, musamman in kuɗin zai shiga kuɗin makaranta ko jari.

Dillaliya ta fi dacewa da turame, lesuka, kuloli, kayan jere, gado da kujeru. Kafin ki kira ta, ki aika a tambayo maki kuɗin sabon irinsa a babbar kasuwa, don ki san inda za ki tsaya. Ku yanke abu uku tun kaya suna gabanki: mafi ƙarancin kuɗin da za ki amsa, la'adarta, da ranar da za ta kawo kuɗi ko ta dawo da kaya. Ki rubuta a littafi a gaban mutum ɗaya. Nan ne na yi kuskure. Na ba wata setin kuloli da baki kawai, na ce ta sayar yadda ya samu. Ta ba da su bashi a gidaje uku, kuɗin suka riƙa zuwa mani a gutsure har wata biyar, ban san nawa aka sayar ba, ban kuma ƙulla komai da su ba. Ki ce mata a fili ba ki yarda da bashi ba.

In a WhatsApp za ki tallata, ki ɗauki hoto da rana, ki faɗi aibin kaya, kuma kaya ba su fita sai kin ga kuɗi a asusunki da idonki. Hoton rasit da aka turo maki ba kuɗi ba ne. Baƙon namiji kuma a zaure zai tsaya, maigida ko babban yaro ya fito mashi da kayan.

'Yan gwangwan su ke sayen ƙarfe, alminiyom, tagulla, fasassun robobi da matattun injuna, bisa kilo. Kuɗinsu ba ɗaya ba ne: tagulla ta fi tsada, sai alminiyom, baƙin ƙarfe ne a ƙasa. In kin tara su wuri guda, kuɗin baƙin ƙarfe za a yi maki gaba ɗaya. Ki kara maganaɗisu: abin da ya kama baƙin ƙarfe ne, abin da bai kama ba ki ware shi daban. Ki tsaya a ga sikeli yana kan sifiri kafin a rataya, kuma ki ji farashin mutum biyu. Fanka, firji, janareta da injin markaɗe, a fara nuna wa mai gyara. Sau da yawa abin da ya mutu a ciki ƙarami ne, ko kuma shi ya saya don kayan gyara da kuɗin da ya fi na kilo.

Hattara: kada ki tura yara su yi cinikin gwangwan su riƙe kuɗin. Daga nan ake koyon ɗaukar murfin tukunya mai kyau da wayar wutar maƙwabta.

11. Tsumma da shara

Tsumman auduga ki yanka shi murabba'i don goge-goge, saura ki ba makanikai ko masu cusa matashi. Abin da ya rage a ƙulle a buhu a kai inda motar shara take kwasa. Ki tabbatar yaron da kika ba bai juye shi a kwalbatin bayan layi ba. Tsumma da leda su ke toshe magudanan ruwa, in Agusta ta zo ruwan gidajenmu yake shigowa. Fasasshen tangaran da kwalba a naɗe su a kwali saboda hannun masu tonon bola. Tsohuwar taya da gwangwanaye kada su kai damina a tsakar gida, ruwa yana kwanciya a ciki sauro ya hayayyafa.

Hattara: kada ki cinna wa roba, soso da yadin roba wuta a tsakar gida, hayaƙinsu yana tayar da asma. Gwangwanin turare ko na maganin sauro kuwa fashewa yake yi a wuta.

Duk buhun da aka ƙulle, ban da na gyara, ya bar gidan cikin kwana uku. Wanda ya daɗe a zaure, yau a zaro riga, gobe a zaro zani, ƙarshenta ɗaki yake komawa. Ki yi magana da mai napep tun ranar da kika fara.

12. Mayar da abin da ya rage

Kafin komai ya koma, a share, a goge sif, a duba gindin bango ko akwai hanyar gara, irin siririn ginin ƙasa da take yi. In akwai, a kankare a sa magani, a toshe tsagar da siminti. Akwatuna a ɗora su bisa bulo ko benci, a bar tazarar tafin hannu tsakaninsu da bango. Kada ki rufe kaya da sauran danshi. Na yau da kullum su zauna daidai hannu, na biki da na sanyi a sama.

Hattara: farin kafur ɗin nan mai kama da alawa da ake sawa cikin kaya, a nisanta shi da yara, haɗiye shi guba ne. Kayan jarirai kuwa kada a aje su da shi sam, yana iya jawo wa wasu jarirai shawara mai tsanani. In kin gaji kayan jarirai masu warinsa, ki wanke ki shanya har warin ya fita kafin a sa wa yaro.

Daga nan sai ki rataye jakar bakko ɗaya a bayan ƙofa. Duk ranar da kika sa riga kika ji ta matse, ko aka kawo sabon ɗinki, wata tsohuwa ta shiga jakar. In ta cika, a wanke a fitar. Akwatunan ajiya kuma ki riƙa buɗe su sau biyu a shekara, farkon damina da bayan ɗaukewarta, ki warware turame ki sauya masu ninki, ki shanya su a inuwa na awa biyu kafin ki mayar.